Shaiɗanin da Firmin Ya Ƙi Narkarwa

Akwai wani magini a birnin Faris, sunansa Firmin Gaucherot. Da yumɓu yake gina wutar jahannama a kan tebur: ƙananan shaiɗanu da ƙwarangwal suna rawa, suna shan giya, suna zaman majalisa. A ɗauki hoton, jama'a su leƙa a akwatin kallo mai ido biyu, su yi wa masu mulki dariya a ɓoye.

Ƙa'idar sana'ar ɗaya ce. Da an ɗauki hoto, sai yumɓun ya koma cikin ruwa, kada hukuma ta sami shaida.

Wata rana Firmin ya gina sarkin shaiɗanu da fuskar wani babban minista. Aikin ya yi kyau har ya kasa narkar da shi. Ya gasa shi, ya ɗora shi a kan kantar ɗakinsa.

Matarsa Léontine, da tsohon ciki, ta roƙe shi ya fasa gunkin har muryarta ta dushe.

"Malam gwani, idan aka ɗaure ka, wannan mai ƙahon ne zai sayo mana burodi?"

"Ke dai ki kula da miyarki," in ji shi.

Da hantsi 'yan sanda suka shigo layin, gida gida, suna neman mai yi wa masu mulki ba'a. Firmin ya jefa gunkin a bokiti, amma gasasshen yumɓu ba ya narkewa. Ya nemi guduma, sai ga su a bakin ƙofa.

Shugabansu Saja Maubert ne, maƙwabcinsu. Ya tsamo gunkin, ya dubi cikin Léontine, ya ɗaga murya yadda yaransa za su ji:

"Wannan ai shirme ne. Bai yi kama da kowa ba. Aikin ɗan koyo. Mu tafi."

Léontine ta damƙe hannun mijinta. Amma maganar ta riga ta soke shi.

"Ɗan koyo? Dubi hancin nan da kyau. Duk Faris wa ya taɓa fitar da minista haka?"

Saja ya runtse ido, ya ce a hankali, "Firmin, na so ka yi shiru."

Aka tasa shi gaba. Yana kurkuku aka haifi 'yarsa.

Darasi: Mai girman kai ya gwammace a ɗaure shi da a raina shi, kuma iyalinsa ne ke shan wahalar. Idan aka buɗe maka ƙofar tsira, sunkuya ka wuce. Ku tura wa wanda yabo ke ruɗa.