Barmo Makaɗin Mahauta da Baƙon Babban Yatsa

Ku matso, ku matso. Mai ɓare gyaɗar nan a bayana ya ajiye ta, ba na son ƙwas-ƙwas. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo!

Ta ma zo.

Wani makaɗi ne, sunansa Barmo, makaɗin mahauta. Kalangunsa na gado ne, kakansa ya bar wa ubansa, ubansa ya bar masa. Duk jajibirin kasuwa sai a ɗaura wa bijimin sa igiya, Barmo ya shiga gaba, ya zaga gari da shi lungu-lungu, kalangu na faɗin:

Gobe da nama, gobe da nama,
Mai tukunya ki wanke ta!

A al'adar garin, duk dabbar da aka yanka, hanta da ƙoda da zuciya na makaɗi ne. Kuma makaɗi ba ya mayar da kyauta, babban abin kunya ne. Shi ke nan Barmo ya samu. Da safe hanta, da rana ƙoda, da yamma farfesun kayan ciki, ya kora da zoɓon da sukari ya kashe. Ruwa kuwa, in ba na alwala ba, ba ya taɓa leɓensa.

Ana nan, ana nan, wata asuba sai Barmo ya farka da ihu. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi jawur, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Ko bakin zane ya taɓa shi sai ya kira uwarsa, ƙaton mutum da gemu! Da ya duba, sai ga wani ɗan mitsitsin aljani ja, bai fi ƙwallon dabino ba, ya harɗe a kan gaɓar yatsan, yana jera allurai.

Barmo ya ce, “Kai kuma wane ne?”

Ya ce, “Ni ne Amosani. Baƙonka ne.”

“Baƙona? Wa ya gayyace ka?”

“Kai mana. Shekara goma kana aiko min da hanta, na ce bari in zo in yi godiya.” Sai ya soka allura guda, Barmo ya sake kiran uwarsa.

Ranar kuwa jajibirin kasuwa ce, aka zaga da sa shiru. Ba wanda ya ji, ba wadda ta wanke tukunya, nama ya yi kwantai. Sarkin Fawa, wato shugaban mahauta, ya zo har ƙofar ɗaki ransa a ɓace, ya ce, “Barmo, sannu da jiki. Amma ka ji ni da kyau. Kasuwa ɗaya ta wuce. In ka cika uku, kalangu ya bar gidanku, mu nemi mai ƙafa.”

Barmo ya ce, “Ranka ya daɗe, na ji.”

Da ya fita, Barmo ya dubi kalangun kakansa a rataye, ya yi kuka sosai, don ya fi son ya rasa ƙafar gaba ɗaya da a ce a hannunsa gado ya faɗi.

To, akwai wata tsohuwar Ungulu da ta yi shekaru tana zaman mayanka, ba abin da ba ta gani ba. Ta sauka a kan katanga, ta ce, “Barmo, share hawayenka. Na san baƙon nan. Ba a korarsa da sanda, amma in gida bai yi masa daɗi ba, da kansa yake naɗe tabarma. Abu uku ya ƙi jini. Ya ƙi ruwa, don yana kwashe masa allurai. Ya ƙi tukunyar da ba kayan ciki, ba zaƙi. Ya kuma ƙi maganin tsohuwar nan ta bayan kasuwa, wanda ake sha kullum, da ciwo da ba ciwo. Ka ji, kullum na ce.”

Barmo ya ce, “Allah ya saka, Iya. Me zan ba ki?”

Ta ce, “Hantar da za ka bari, ai ba za ta ci kanta ba.”

Kun ji tsohuwar, tana taimako tana lasar baki.

Barmo ya kama. Ya sha ruwa, ya sha magani, ya ci zogale da kabewa da nono. Kwana bakwai kumburi ya sace. Ya duba yatsa bai ga kowa ba, ya taka, ya yi tsalle, ya ce, “Na warke!” Ya jefa magani bayan randa, ya aika a gaso masa hanta tsinke goma.

Haba! Ashe Amosani bai je ko'ina ba, shigewa ya yi can cikin gaɓa yana jira. Asubar jajibiri ya fito ya yi ƙiba, har da ƙannensa biyu, ɗaya ya zauna a idon sawu, ɗaya a gwiwa. Aka sake zagawa da sa shiru, nama ya sake kwantai. Sarkin Fawa bai ko shigo ba, daga zaure ya ɗaga murya ya ce, “Saura ɗaya.”

Wannan karon Barmo bai yi kuka ba. Ya ja gindi har bayan randa, ya ɗauko magani, ya kaɗe masa ƙura. Ya dubi Amosani ido cikin ido, ya ce, “Ni da kai ne. Ko ka bar ƙafar nan, ko ka mutu da yunwa a cikinta.”

Ya sha ruwa da safe, ya sha da rana, ya sha da yamma, har buta ta gaji da shi. Ya sha magani ran da yake jin ciwo, ya sha ran da ba ya ji. Nama sai ɗan yanki can ba a rasa ba, kayan ciki kuwa duk na Ungulu. Ƙannen nan biyu suka tattara suka gudu. Amosani ya rame, ya koma kamar ƙwayar gero.

Sai ya fara roƙo. Ya ce, “Maigida, ɗan gutsuren hanta, don darajar baƙunta.” Barmo ya ɗaga moɗa ya shanye.

Sai ya koma barazana. Ya ce, “Wallahi zan kira dangina, mu cika maka yatsun hannu, ka ga da me za ka yi kiɗa.” Barmo ya haɗiye magani, ya sake cika moɗa.

Sai Amosani ya lafa, ya ce a ransa, “Bari Sallah ta zo. Na san inda zan kama shi.”

Jajibirin kasuwar Sallah ya zo. Barmo ya rataya kalangu, ya shiga gaban shanu bakwai, ya zaga gari kaf da ƙafarsa, mata na leƙe suna guɗa. Washegari nama ya ƙare tun kafin azahar. Don murna, Sarkin Fawa ya sa aka cika faifai da gasasshiyar hanta, tana naso, tana turiri, ya miƙa masa da hannunsa a gaban duk mahauta, ya ce, “Ci, makaɗi, mu gani.”

Yawun Barmo ya tsinke. In ya mayar, ya kunyata Sarki a bainar jama'a. In ya ci, kalangu ya tafi. Amosani kuwa har ya fara wasa allura.

Barmo ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Ranka ya daɗe, na karɓa, na gode. Yanzu ya zama mallakina ko?”

“Naka ne.”

“To, ina da baƙon da ya daɗe bai ci ba. A ba ni izini in raka shi da guzuri.”

Sarki ya yi dariya ya ce, “Jeka.”

Barmo ya ɗauki faifai, ya jefa wa Ungulu rabonta, ya fita bayan gari, ya ajiye sauran a bakin ramin Kura. Kura ta fito, ba sallama, ba bismilla, ta lamushe hantar nan a loma uku. Barmo ya sunkuya ya ce wa yatsansa, “Baƙo, ka ga wannan baiwar Allah? Ba ta cin ganye, ba ta shan magani, ko kashe ta za a yi ba ta barin kayan ciki. Ni gidana sai ruwa da zogale. Zaɓi ya rage naka.”

Amosani ya dubi Barmo, ya dubi Kura. Sai ya yi wuf ya faɗa ƙafarta ta baya. Kura ta ƙwalla ƙara ta ruga jeji, kuma har gobe in kun gan ta za ku ga tana ɗingishi. Amma kafin su ɓace, Amosani ya waiwayo ya ce, “Barmo, na bar tabarmata a yatsanka. Ran da na ji ƙanshi, zan dawo in shimfiɗa.”

Barmo ya ce, “Bar ta nan, ta tsufa tana jiranka.” Ya kwance gorar ruwa ya sha, ya gyara rataye, ya koma gari yana kaɗa kalangun kakansa. Tabarmar nan a naɗe take har ya yi furfura, har ya miƙa kalangu ga ɗansa da hannunsa.

Kun ji. Ciwon da ya yi shiru ba tafiya ya yi ba. Wanda likita ya ce masa kullum, to kullum ɗin ake nufi, ya kama bakinsa, ya sha ruwa. Ku je ku faɗa wa kawunku mai zaman teburin tsire, ku ce ni na ce.

Ƙurunƙus, na ajiye ta a kan ɓera, ya gudu da ita rami. Yanzu a miƙo min gyaɗar nan.