'Ya'yan Barmo da Fadamar Zangon Marke

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalanta.

A gabas da garin Zangon Marke akwai wata fadama mai baƙar ƙasa, irin wadda ko tsinke ka dasa sai ya yi tsiro. Tun zamanin Turawa aka kafa doka aka mai da ita gandun gwamnati, aka ce duk wanda ya sa mata fartanya sai gidan yari. Turawa suka tafi, doka ta zauna. Farar hula suka yi mulki, soja suka karɓa, farar hula suka dawo, ba wanda ya waiwaye ta. Gari ya cika ya batse, gonakin tudu suka gaji, mutane suna kallon fadama kamar mai azumi da tulun ruwa.

Wata shekara da aka yi fari, wani manomi mai suna Barmo ya kasa daurewa, ya shuka dawa a bakin fadamar. Aka kama shi aka ɗaure. Ya fito da tarin da bai sake shi ba sai da ya kai shi kabari. Ya bar 'ya'ya uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Cindo babba, sai Ladidi, sai autansu Tanimu.

Cindo siyasa ya shiga, har mutanen yankin suka tura shi majalisar dokokin jiha. Yana zuwa ya gabatar da ƙudurin soke tsohuwar dokar, a mayar wa gari fadamarsa. Manyan jam'iyyarsa suka kira shi gefe suka ce ya janye, don akwai masu ido a kan wurin. Ya ƙi. Da ya ga ƙuri'a ɗaya ce za ta kayar da shi, sai ya tafi gidan babban abokin hamayyarsa, mutumin da ya taɓa sa 'yan banga suka yi masa dukan kawo wuƙa a lokacin kamfe. Ya cire hula, ya durƙusa a gabansa, a gaban yaransa suna ta dariya ƙasa-ƙasa. Da ƙuri'ar mutumin nan ƙuduri ya wuce. Jam'iyya ta kori Cindo, zaɓe na zuwa ya rasa kujerarsa, ya dawo gida ba ko mota.

To, ƙuduri ba ya zama doka sai Gwamna ya sa hannu, shi kuwa Gwamna ya jefa shi a aljihun tebur ya yi shiru. Ladidi, wadda ke sayar da man gyaɗa a kasuwa, ta bi gida-gida ta tara matan gari da na ƙauyuka. Suka tafi babban birni, suka zauna a ƙofar gidan gwamnati da goyonsu da tabarminsu, suka ce ba inda za su. Rana ta dake su, ruwa ya dake su. Aka turo 'yan sanda da barkonon tsohuwa, mata suka fara watsewa, Ladidi ta tsaya a gaba ta riƙe ƙarfen ƙofa. A turmutsitsin nan aka taka ta, ƙugunta ya goce. Labari ya cika gidajen rediyo, kunya ta kama Gwamna, ya sa hannu. Ladidi kuwa har yau da sanda take tafiya.

Ana murna a gari, ashe da sauran rina a kaba. Wani kwamishina ya shirya da wani attajiri a ba kamfaninsa fadamar gaba ɗaya, a ce ai kamfanin ma na jama'a ne. Abin da ya rage kawai sa hannun daraktan filaye na jiha, kuma Tanimu ne a kujerar. Aka yi masa alkawarin muƙamin babban sakatare, ya ce a kai kasuwa. Aka yi masa barazana, bai motsa ba. Da magana ta kai kotu, ya shiga akwatin shaida ya faɗi duk yadda aka ƙulla, ya kama suna. Kotu ta ce fadama ta mutanen Zangon Marke ce. Ba a daɗe ba aka laƙa wa Tanimu laifin rashin biyayya aka sallame shi, saura ƙiris ya yi ritaya, aikin shekara da shekaru ya bi ruwa.

Ka ga duk su ukun sun dawo gida, kowa da tabonsa. A nan ne Shaiɗan ya sami wurin zama.

Sabuwar dokar ta ce gari zai zaɓi mutum ɗaya ya shugabanci rabon fadama, da sunansa kuma za a riƙa kiran sabuwar unguwar da za a kafa a can. Cindo bai taɓa kawo wa ransa akwai wani ba shi ba. Shi ne babba, kuma shi ya rubuta wannan layin na dokar da hannunsa. Sai ga shi ranar kasuwa yana wucewa ya ji 'yan mata suna gaɗa, suna waƙar Ladidi mai sanda wadda ta sa Gwamna ya sunkuya. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe ko zai ji sunansa. Babu. Ranar Juma'a kuma liman ya yi huɗuba a kan riƙon amana, ya kawo misali da Tanimu, masallaci ya ɗauka da kabbara. Cindo yana sahun gaba, ana idar da salla ya fice.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, ciwon Ladidi ana ganinsa, korar Tanimu an buga ta a jarida, shi kuwa durƙuson da ya yi ba abin da za a sa a waƙa ba ne. Masu tunawa da shi ma, don su yi dariya suke tunawa. Ya daina zuwa gidan ƙanwarsa cin tuwon da ya saba. In ya hango Tanimu tafe, sai ya sauya hanya. Da ya ji ƙarar sandar Ladidi a ƙofar zaure, sai ya ce a ce yana barci.

Kada ku ɗauka shi kaɗai ne. Ladidi tana cewa maza biyu sun yi yaƙinsu a inuwa, ƙarƙashin fanka, yanzu kuma suna so su nuna mata ita mace ce. Tanimu yana cewa yayyensa sun yi abin da ake tafa wa mutum, shi kuwa ya yi nasa a ofis shi kaɗai, ba mai kallo, ba mai guɗa.

Da Dagaci ya ga damina ta ƙarato ba a raba ko taki ɗaya ba, sai ya tara dattawa a ƙofar gidansa, ya kira su ukun. Cindo ya riga kowa magana.

"Ranka ya daɗe, in ba a haifi yaro ba, wa za a yi wa suna? Ni na haifi dokar nan."

Ladidi ta dogara sandarta ta miƙe. "Yaya, ka haifa, ba musu. Amma bai yi kuka ba sai da na zo. Da yanzu yana aljihun tebur, gara na cinsa."

Tanimu bai ɗaga murya ba. Ya ce su biyun sun yi gaskiya, sai dai da ya ɗora biro a kan takardar nan, da yau duk wahalarsu wani attajiri suka yi wa, kuma da dokar Yaya Cindo za a kori wanda ya matso kusa.

Cindo ya dubi ƙannensa, yaran da ya goya a bayansa, haushi ya ƙara kama shi, don ya san ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wani dattijo ya ce a ba su su uku. Dagaci ya girgiza kai, ya ce doka mutum ɗaya ta ce, kuma ga wanda ya rubuta ta nan zaune. Cindo ya sunkuyar da kai. Wani ya ce to biyu su janye don zumunci. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Haka taro ya tashi. Hadari yana haɗuwa a gabas, iri yana cikin rumbu, fadama tana kwance ba a raba ba, 'ya'yan Barmo kuma ba mai gaida wani.

To, ga ku ga su. Cindo da ya zubar da girmansa da kujerarsa aka yi dokar, da Ladidi da ta ba da lafiyar jikinta aka sa mata hannu, da Tanimu da ya rasa aikinsa don kada a sace ta: wane ne a cikinsu ya fi cancanta a damƙa masa fadamar, a kira unguwar da sunansa?