Ƙafar madubin Malam Nomau

Ku gyara zama, na zo muku da shari'ar da ta gagari mutanen Tudun Makera, ku ma ku gwada.

A garin akwai wani dattijo, Malam Nomau, wanda ya fi shekara talatin yana duba musu jinjirin wata. In ya ce ya gani, magana ta ƙare. To, bara sai ya ce ya ga watan azumi, aka rasa mutum ɗaya da zai mara masa baya. Aka fara ƙus-ƙus wai idon tsoho ya tafi. Dagaci ya kira shi ya ce, "Malam, ba raini ba ne, amma bana in ka gani sai ka nuna wa mutum biyu. In ba haka ba, ka huta."

Wannan "ka huta" ta hana shi cin tuwo. Tsoronsa ɗaya, kada ya mutu da sunan maƙaryaci.

Yana da madubin hangen nesa da wani tsohon malamin sakandare ya bar masa, dogo kamar taɓarya, amma ba ƙafa. In ya ɗaga, hannu na rawa, sama na rawa. In ya miƙa wa wani, wurin ya ɓace. Ana saura kwana tara duban wata, ya tara 'ya'yansa uku ya faɗa musu damuwarsa.

Babban, Tanimu kafinta, ya fasa katakon maɗacin da ya ajiye don ƙofar ɗakinsa. Ya fara yi wa madubin ƙafa huɗu, irin ta teburin da ya saba yi, aka hau da ita dutsen da ke yamma da gari, ta yi ta ɗingishi. Ya wargaza, ya sake mai ƙafa uku, ta tsaya kyam ko iska ba ta girgiza ta. Sai dai wuri ɗaya madubin ke kallo, jinjirin wata kuwa ba ya jiran kowa, bin rana yake yi ya faɗi.

Na biyun, Ashiru mai walda, ya dubi kekensa, wanda da shi yake zuwa aiki, ya sa zarto ya yanke wuyansa, daidai inda kan ke juyawa. Ya haɗa da fatar ƙofa, ƙarfen nan da ƙofa ke juyawa a kansa, ya ɗora bisa katakon. Madubi ya koma yana juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, da ɗan yatsa kawai. Ba a gama ba sai ranar duban, bayan la'asar. Da aka gwada a kan dutse, ana sakin sa sai bakinsa mai nauyi ya sunkuya ƙasa. Malam Nomau ya dubi rana, ta yi ja. Gumi ya keto masa.

Auta, Hansatu mai sayar da man gyaɗa, ta hawo da furar mahaifinta, ta tarar da yayyenta suna gardama, wannan zai buga ƙusa, wancan zai ɗaure da waya. Ta ce, "Haba Yaya, in kun ɗaure ai ba zai juya ba. Kaya ne ya rinjayi gefe ɗaya." Ta sauke goyonta, ta cika majanyin da yashi, ta rataya a gindin madubin. Ta ƙara tafi ɗaya, ta rage rabi, har ya zama duk inda aka bar shi nan yake tsayawa.

Rana ta faɗi. Tsoho ya manna ido yana lalube, mutane na tsaye a bayansa. Can ya hango shi, siriri kamar yankan farce. Ya janye hannuwansa, ya ja da baya. Liman ya leƙa ya ce, "Na gani." Wakilin Dagaci ya leƙa, shi ma ya ce, "Wallahi ga shi nan." Malam Nomau ya zauna a kan dutsen, hawaye na zuba.

Washegari ya kira su ukun. Ya ce, "Ba zan ɓoye muku ba, jiya da idona zalla ban ga komai ba. Aikin nan ya ƙare mini. Madubin ɗaya ne, mutum ɗaya zan bar wa."

Ba don Tanimu ba, da bai tsaya ba. Ba don Ashiru ba, da bai bi wata ba. Hansatu kuwa yashi kawai ta zuba, amma da ba ta zuba ba, da ƙasa Liman zai leƙa.

To, ku faɗa mini, wa zai ba wa madubin?