Bushiya da Rumbun Taimakon Ƙanana

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara fari ya cinye daji, sai tausayi ya kama manyan dabbobi. Giwa da Zaki da Ɓauna suka gina wani ƙaton rumbu, suka sa masa suna Rumbun Taimakon Ƙanana. Suka ce na kowa ne, kowa yana da bakin magana, sai dai za a riƙa auna magana da nauyin mai ita. Gizo kuwa, da yake babbar riga tana yi masa kyau, aka naɗa shi mai ba da shawara.

Bushiya tana da 'ya'ya biyar da 'yar gona a kan tudu. Ta je neman rancen irin gero mudu uku. Gizo ya tarbe ta da fara'a, ya ce gero ai tsohon yayi ne, masana sun gano rake ya kamata ta shuka. Ta ce tudunta ko raɓa ba ta kwana a kai. Ya ce shi ya sa ba a kiran ta masaniya. Ya ba ta rake, ya zare kashi ɗaya cikin uku ladan shawara.

Rake ya bushe. Ta koma. Gizo ya yi dogon nazari, ya gano laifin 'ya'yanta ne, cinsu ya yi yawa. A rage musu tuwo, a ƙara mata rance ta biya na farko. Da ta dawo karo na uku, ya sa ta sayar da fartanyarta. Ƙanin Zaki ya saya, ya riƙa ba ta haya.

Ranar babban taro Bushiya ta miƙe ta ce, "Ranku ya daɗe, ku bar mu mu shuka abin da ƙasarmu ta sani."

Kurege da Zomo da kwaɗi ɗari uku suka bi ta suka hau sikelin auna magana. Giwa tana gyangyaɗi ta ɗora ƙafa ɗaya a ɗaya ɓangaren. Aka sanar cewa masu rinjaye sun gamsu da aikin rumbu. Aka yi tafi.

Bushiya ta koma gida. Ita da maƙwabtanta suka tara gero tafi-tafi a tsohuwar tukunya, suka tona ƙasa da farce suka shuka. Damina ta yi kyau, 'ya'yanta suka ƙoshi.

Ana cikin girbi sai ga Gizo da maroƙa. Ya tsaya tsakiyar gonar yana share hawayen daɗi, ya ce, "Kun ga amfanin bin shawara?" Ya kwashe rabin geron a madadin bashi, aka ba shi lambar yabo.

To, jikokina, in za ku karɓi taimako, ku fara tambaya wa ke yanke magana a gidan, kuma da me ake auna taku.

Ƙungurus kan kusu, a tashi haka nan.