Ragon Sunan Sarki

A zamanin da, tun jaki ne jirgin fatake, an yi wani matashin sarki a wani birni mai ganuwa, wanda baƙin ciki ya hana shi karin kumallo. Wani attajiri ne ya rasu a birninsa, Madugu Mijinyawa, mai fataucin goro da kanwa, kuma tun da aka kai shi makwancinsa kasuwa ba ta sake ci ba. Mahauta sun rataye wuƙaƙe, marina sun bar karofi, fada kanta kamar an share, don rabin fadawa suna ƙofar gidan mamaci wajen zaman makoki. Ko da mahaifin sarki ya rasu ba a yi haka ba. Sarki kuwa yaro ne, yaro kuma ba ya iya haɗiye irin wannan.

Wazirinsa, wani tsoho mai suna Barmo, baki zuma ciki maɗaci, ya gurfana ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba a ciyar da gari guda don Allah kawai. Wanda ya sayi cikin talakawa, gadon sarauta yake tayawa. Ga shi ya mutu, amma ya bar 'ya'ya maza. A cikin gidansa kuwa inuwar giginya ne, na nesa ka sha ta. A kashe macijin nan a sare kansa."

Sarki ya sa aka yi shela: a tashi daga makoki, kada a sake ambaton Mijinyawa da alheri, gidansa ya koma hannun fada, iyalinsa su fita ta ƙofar gari kafin kasuwa mai zuwa.

Nan da nan aka naɗe tabarmi. Mutanen da ya aurar, da waɗanda ya fanso daga hannun mahara, da waɗanda ya haƙa wa rijiya a unguwa, kowa ya sulale yana gyaran hula kamar hanya ce ta biyo da shi. Haka mutane suke, kada wanda ya gaya muku dabam.

Matar mamaci, Marka, tana cikin takaba, ba ta da halin fita. Saura yayarsa, Kuluwa, tsohuwa doguwa mai kaushin hannu da kaushin harshe, wadda ta goye shi tun da uwarsu ta rasu. Ita ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin murhu tana jin shelar, tana tuna ƙanenta. Mutumin da in ya dawo daga fatauci ba ya kwance kaya sai ya ɗaga 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya ji nauyinsu, in wani ya yi sauƙi a yi ta shari'a. Mutumin da shekarar da Marka ta kwanta ciwo ya bar ayari ya tafi ba shi, ya zauna yana dama mata kunu da hannunsa, maza suna yi masa dariya. Wai shi ne inuwar giginya!

Kuluwa ta san abin da ke cin Waziri. Shekaru da yawa baya, an kori mahaifin sarki daga birni, yana yawo da matarsa mai tsohon ciki da bara guda, wato Barmo. A wani zango ta haihu, ba su da ko kaza. Barmo ya je wurin wani ƙaramin falke da ya sauka a zangon ya ce a rufa musu asiri. Falken nan Mijinyawa ne, da jaki ɗaya tak, da rago ɗaya da Kuluwa ta yi kiwo don sunan ɗansa na fari, wanda ake jira yau ko gobe. Ya kwance ragon ya bayar, ya tura Kuluwa ta yi wa mai jego wanka. Da nasa ɗan ya zo, ya sayar da jakin ya sayi wani rago, don ya ce ɗansa ba zai tashi ana yi masa gorin ba a yanka masa ba. Kayan kuwa a ka ya ɗauko su har gida. Sa'an nan ya sa Kuluwa ta rantse ba za ta faɗa ba, kada ɗan sarki ya girma ya ji ubansa ya kasa ragon suna. Barmo kuwa ya ce rigarsa ya sayar ya sayi ragon, kuma da ubangidansa ya dawo birni ya ci sarauta, da wannan ƙarya ya hau har ya kai waziri. Yanzu tsoronsa zaman makoki, inda tsofaffi ke tono tsohon zance.

Marka ta ce daga bayan labule, "Yaya, ki faɗa musu mana. Ina za mu da yaran nan?"

"Rufe mini baki. Na rantse masa."

"To sai mu kwana a daji saboda rantsuwa?"

"Na ce ba zan faɗa ba. Ɗauko mini mayafina."

Ta isa fada ana cikin zama. Dogarai suka tare ta, ta ce su matsa, ta girmi iyayensu. Ta durƙusa iyakar yadda gwiwa ta yarda, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce yayar mutumin da aka hana ambato. Ban zo roƙo ba. Za mu fita. Amma ina da tambaya ga bawan nan naka Waziri, in ya amsa, yau ma sai mu kama hanya."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, yaushe fada ta zama bakin rijiya, da tsofaffin mata za su zo gulma?"

Kuluwa ta ce, "Barmo, ban yi da kai ba tukuna. In na zo kanka za ka sani."

Fadawa suka dubi juna, don rabon da a kira shi da sunansa tsirara an manta. Sarki ya so ya ga ƙarshen abin, ya ce, "Yi tambayarki, Iya."

"An ce kai ka yanka wa sarki ragon suna. Haka ne?"

"Duniya ta sani. Rigata na tuɓe na sayar."

"Madalla da mai riga. A hannun wa ka sayi ragon?"

"Wani Bafillace."

"A kasuwar ina?"

"An daɗe. Wa zai riƙe wannan?"

"Ka riƙe rigar, ka manta kasuwar. To wacece ta yi wa mai jego wanka?"

Waziri ya gyara rawani. "Wata 'yar'uwata ce. Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta," in ji Kuluwa. Ta juya ga sarki. "Ranka ya daɗe, dubi hannunka na hagu, gefen ƙaramin yatsa. Tabon mene ne a wurin?"

Sarki ya dubi hannunsa, ya rufe shi da hannun riga. Cindo aka haife shi, da yatsa na shida, kuma ban da mahaifiyarsa ba wanda ya taɓa yi masa zancen. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ni tambaya na zo yi. Wa ya ɗaure yatsan da zare har ya faɗi? Barmo bai sani ba, namiji ba ya shiga ɗakin jego. Akwai wadda ta sani a cikin gidan nan."

Sarki ya aika cikin gida. Aka kawo Uwar Sarki, ta zauna bayan asabari. Kuluwa ba ta gaishe ta ba, sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke, miƙe bayanki! Ruwan zafi bai taɓa kashe 'yar sarki ba!"

Aka ji salati daga bayan asabari. Uwar Sarki ta ce, "Yaya ce! Wallahi ita ce. Wannan muryar ko a kabari na san ta. Ita ta yi mini wanka da ganyen runhu, ita ta ɗaure yatsan. Barmo ya ce mini kin mutu."

Kuluwa ta ce, "Ga ni. Saura tambaya ɗaya, ranki ya daɗe. Kafin a yanka ragon nan, wa yake bi?"

Uwar Sarki ta ce, "Ke yake bi. Duk inda kika sa ƙafa yana bayanki yana kuka, ba ya cin dusa sai a hannunki. Har na yi mamaki, ragon da aka sayo jiya. Ashe na gidanku ne. Ashe falken nan mai jaki, ƙanenki, shi ne Mijinyawa."

"Ni dai ban faɗa ba," in ji Kuluwa. "Ku shaida."

Waziri ya faɗi yana tuba, yana cewa tsufa ne, sharrin Shaiɗan ne. Sarki bai dube shi ba. Ya ce, "Ka ci sarauta da ragon wani, ka sa ni na kori marayun mutumin da ya rufa wa ubana asiri. Ku warware masa rawani." Dogarai suka warware, sai ga ɗan kai kamar gora. Aka ba shi kwana ɗaya ya bar gari.

Sarki ya soke shelarsa, ya ce, "Iya, me zan ba ki?"

"Gidanmu namu ne, ba kyauta ba ce. Ka tashi ka je ka yi wa matarsa gaisuwa, kamar yadda ɗan mutunci yake yi. Ka kuma tuɓe takalmi a zaure."

Ya je, ya tuɓe. Da gari ya ga sarki a kan tabarma, sai ga masu gyaran hula sun dawo, kowa yana rantsuwa shi bai taɓa tashi ba. Kuluwa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Aka ci gaba da makoki, aka faɗi alherin Mijinyawa da babbar murya, daga bisani kasuwa ta ci.

Da la'asar ɗin ranar da sarki ya je, ana rabon tuwon sadaka, sai ga Barmo a ƙarshen layi, ba rawani, ba bara, duk ƙofar da ya buga a birnin an rufe masa. 'Ya'yan mamaci suka zabura da sanduna. Marka ta aiko daga ciki cewa maigidan bai taɓa korar mai yunwa ba.

Kuluwa ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Ku ajiye sandunan. Gidan Mijinyawa ne, a zuba masa, a sa masa nama. In ya gama, a fasa akushin."

Haka aka yi. Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan.