Aikin da Bai Bar Tabo Ba

Akwai wani manomi mai 'ya ɗaya tak, sunanta Afiniki, wadda ciwon kai yakan kayar da ita har ƙasa. Da aka ɗauki hoton kanta a babban asibiti, likita ya ce, "Baba, jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a ƙwaƙwalwarta kamar zaren da kaza ta shiga, suka zama ƙulli. In ɗaya ta fashe, za a iya rasa ta. Wurin da zurfi, wuƙa ba za ta kai ba. Za mu auna shi da wani haske mai ƙarfi, jijiyoyin su riƙa toshewa a hankali. Amma fa sai an yi shekaru."

Aka yi aiki da safe, da la'asar Afiniki tana cin gyaɗa.

Da suka koma gida, 'yan dubiya suka cika tsakar gida. Gwaggo Tabita, yayar manomin, ta dire kwanon kunu, ta kama kan yarinyar, ta juya shi hagu, ta juya shi dama, kamar mai tayin kabewa.

"To, ina ɗinkin? Ko kitson ba su tsefe ba! Ni da aka yi mini aiki, ƙarti ne suka danne ni. Kayya, ƙanena, kallon fitila aka kai ku!"

Maganar ta zauna wa manomin a rai. Ranar da ciwon ya sake motsawa, sai ya ce shi da asibiti har abada, ya kira wanzami ya tsaga kan, a ga jini ya fita. Matarsa ta tare ƙofar ɗaki.

"Baban Afiniki, da kunnenka ka ji likita. Aska ba za ta taɓa 'yata ba, sai dai a fara da ni."

Wanzami ya dube ta, ya rataya zabirarsa, ya ce a gai da mai jiki.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, uwar tana ta kai 'yarta a duba. Rannan ta ja mijin suka tafi tare. Likita ya ɗaga sabon hoto. "Baba, nemo mini ƙullin nan." Manomin ya duba sama, ya duba ƙasa. Babu! Ya durƙusa a wurin yana kuka, yana yabon Ubangiji da babbar murya, har masu jinya suka leƙo.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Ƙullin shi ne zunubin da ya yi zurfi a zuciya, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Hasken kuwa Maganar Allah ce. Mu muna son mu ga ɗinki, mu ji ihu, kafin mu yarda an yi aiki. Ke uwa, kin yi wa ɗanki addu'a, har yau yana nan yadda yake? Kada ki kira wanzami. Tare ƙofa, ki ci gaba. Hasken ya riga ya shiga, yana kuma aiki a inda idonki ba ya gani.