Ranar da Iyakar Gona ta Yi Tafiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ki.

Wani manomi ne wai shi Nomau, yana da amini ana ce masa Cindo. Gonakinsu na gyaɗa suna jingine da juna, layin gamba ne kawai ya raba su.

Ran nan da hantsi sai ƙasa ta yi gurnani, ta girgiza. Tuluna suka tuntsure, kaji suka watse. Da abin ya lafa, Nomau ya ruga gona. Sai ya tarar layin gamba ya karye a tsakiya, rabinsa ya goce taku uku.

Kurege na kan suri yana kallo. Ya ce, "Nomau, da idona na ga Cindo yana tura gamba." Ya zagaya ya faɗa wa Cindo haka a kan Nomau. Aminai suka daina gaisawa, kowa ya ƙaurace wa bakin iyaka, Kurege kuwa ya samu gyaɗa ba mai tsaro.

Nomau ya wasa gatarinsa zai je wurin Cindo. A hanya sai ya tsaya, ya ce a ransa, "Gamban nan fa ba a tone saiwarsa ba. Wane irin ƙarfi ne zai tura shi da ƙasarsa duka? Bari in tambayi mazauna ƙasa."

Sai ya sami Tana. "Tana, wa ya matsar mini da iyaka?"

Ta ce, "Ni iyakata laka. Daga ƙasana abin ya taso. Tambayi Gafiya."

Sai ya sami Gafiya. Ta ce, "Ni iyakata dutse. Dutsen na ji ya yi ƙara kamar an karya kara. Tambayi Dabgi."

Sai ya sami Dabgi, sarkin haƙa. A zamanin nan Dabgi gashi gare shi luf-luf, har yana taƙama da shi. Ya ce, "Ban sani ba, amma ba na son a tambaye ni abu in rasa amsa. Kira Cindo, ku jira ni."

Dabgi ya sa farce daidai inda gamba ya karye. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce ruwa, ya iske dutse a tsage, ya bi tsagar ya yi ƙasa. Nomau da Cindo suka zauna bakin rami, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Sai da la'asar Dabgi ya fito yana hayaƙi, gashin nan duk ya babbake.

Nomau ya ce, "Subhanallahi! Gobara ka faɗa?"

Dabgi ya ce, "Ba ni ruwa tukuna." Ya sha, ya yi ajiyar zuciya. "Ƙasar nan da kuke gani, samanta ne kawai ya huce, kamar yanar da ke kan kunu. Gonakin nan a kan manyan falalen dutse biyu suke. Can ƙarƙashinsu dutse ya yi zafi har ya yi laushi, yana motsi a hankali, yana jan su. Sai su cije da juna shekara da shekaru, ran da suka kuɓuce sai ku ji girgiza. Gaba da nan kuwa zafin ya fi na maƙera, ban iya ƙarasawa ba."

Nomau ya dubi gatarinsa, kunya ta kama shi, ya tura shi bayansa. Ya ce, "Cindo, yafe mini."

Cindo ya ce, "Ni ma kulki na ɓoye a riga. To yanzu wa za mu kai ƙara?"

Dabgi ya ce, "Ku kai ƙasa, in kun sami alƙalin da ba a kanta yake zaune ba."

Suka kwashe da dariya har da hawaye. Wurin da ya goce suka noma shi tare, suka dasa sabon gamba. Kurege kuwa da ya hango su hannu cikin hannu, sai ya cika kumatu da gyaɗa ya ba wandonsa iska.

Shi ya sa har gobe Dabgi ba shi da gashin kirki. Ku kuma, kafin ku ɗaga wa maƙwabci gatari, ku tona ku ga gindin magana.

Ƙurunƙus kan kurege, ba don gyaɗa ba da bai yi ƙarya ba.